Neman shawara: an ɗora mini karɓar baƙin taron ƙara wa juna sani a Jami'ar Bayero

Malama Hauwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Za a yi taron ƙara wa juna sani na kwana uku kan harshe da adabin Hausa a Jami'ar Bayero ta Kano cikin Janairu, Laraba zuwa Juma'a, kuma an ɗora mini kula da baƙi: tarba, masauki, abinci da zirga-zirga. Muna sa ran mutum 120, maƙalu 60. Akwai masu zuwa daga Nijar da Ghana, da mutum biyu daga Turai. Saura wata biyu da 'yan kwanaki. Don Allah ta ina zan fara, kuma a ina abu ya fi lalacewa? Ba na son baƙo ya taso daga nesa ya sha wahala a hannunmu.

Malam Sabi'u:
Wa alaikumus salam. Allah ya taya ki riƙo, ƙanwata. Fara da wasiƙu, domin su ne ba sa jira. Malamin da zai nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sai ya bi ta jami'arsa, takardarsa ta ratsa ofis-ofis, wannan kuwa kan ci makonni. Duk wanda aka karɓi tsakuren maƙalarsa a tura masa wasiƙar karɓa a makon nan, a kan takarda mai tambarin jami'a, da sa hannu. Ta ƙunshi cikakken sunansa yadda yake a takardun aikinsa, taken maƙalar, ranakun taro, wurin taro da kuɗin rijista. Harafi ɗaya in ya kuskure a suna, ana iya dawo masa da takardar ya sake sabon lale. Mutanen Turai kuma da wasiƙar gayyata za su nemi biza, ki karɓi hoton shafin fasfonsu ki kwafe suna da lamba daga nan, kada ki dogara da yadda suka sa hannu a imel.

Sai takardar jagora, shafi biyu kacal, a tura ta saura mako biyu. Layin farko ya faɗi harabar da za a yi taro. Jami'ar Bayero tana da tsohuwar haraba a cikin gari da sabuwa a kan titin Gwarzo, ga kuma Gidan Mambayya a Gwammaja, shi ma na jami'ar ne kuma ana taro a cikinsa. Baƙo in ya ce wa mai adaidaita sahu “BUK” kawai, duk wadda ta fi kusa za a kai shi. Ki rubuta masa abin da zai faɗa da bakinsa: “sabuwar jami'a, titin Gwarzo”, sannan sunan zauren, ko Musa Abdullahi ne ko wani. Ki ƙara da cewa an hana acaɓa a Kano tun 2013, don kada mutum ya sauka a tasha yana neman babur.

Hajiya Rabi:
'Yata, maganar masauki ita ce mai cin rai, ki ba ta lokaci. Kada ki tambayi mutane “kuna son masauki?”, kowa zai ce e, rabinsu kuma gidan 'yan'uwa za su sauka. Ki yi fom gajere mai tambaya biyar: ranar isowa da lokaci, ta jirgi ko ta mota, kwana nawa, ɗaki shi kaɗai ko zai haɗa da wani, da ko akwai wata lalura ta lafiya ko ta abinci. Ki sa ranar rufewa. Da wannan fom za ki san ɗaki nawa za ki kama da gaske.

Masaukin baƙi na jami'a a bar wa manyan masu gabatar da maƙala, dattawa da baƙin waje. Sauran ki zaɓo musu otal uku, mai tsada da matsakaici da mai sauƙi, duk a kan hanya ɗaya domin motar ɗauka ta bi ta kansu a zagaye guda. Ki je da ƙafarki ki duba, kada ki aika. Ki shiga ɗaki, ki murɗa famfo, ki kunna na'urar dumama ruwa ki jira ki ji ko ruwan ya yi zafi, domin asubar Janairu a Kano dattijo ba zai iya wanka da ruwan sanyi ba. Ki ɗaga zanin gado ki ga katifa. Ki tambayi ƙarfe nawa suke tayar da janareto da ƙarfe nawa suke kashewa. Farashin da kuka yi ciniki a rubuta shi a takarda manaja ya sa hannu, tare da adadin ɗakuna da ranakun, domin wanda kika yi magana da shi da rana ba shi baƙo zai tarar a kanta ƙarfe goma na dare ba.

A takardar jagora ki faɗa ƙarara wa zai biya. “Kwamiti ya tanadi masauki” wani zai ɗauka an biya masa, ranar tafiya a riƙe masa jaka. Ki rubuta: “Kowane mahalarci shi zai biya ɗakinsa, a kan naira kaza kowane dare.” Mata masu goyo ki ware musu ɗakunan ƙasa, ki kuma san da yawansu za su zo da 'yar raino, ita ma baki ce a lissafin abinci.

Malam Issoufou:
Barka da aiki Malama. Ga abin da ya shafi namu na Nijar. Na Damagaram, kamar malaman Jami'ar André Salifou, sukan biyo ta Matamaye su shigo Kongolam, su wuce Daura zuwa Kano. Na Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya, sannan Katsina. Kan iyaka shi ke cinye lokaci, saboda haka ku gaya musu su taso da sassafe ranar Talata, su iso da rana tsaka. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka kowa ya riƙo fasfo mai sauran wa'adi, da katin rigakafin cutar shawara, da wasiƙar gayyatarku a buge a takarda, da takardar izinin tafiya aiki daga jami'arsa. Wanda ya zo da motarsa ya haɗa da takardun mota da inshora, ma'aikatan duwan, wato kwastan, za su nema.

Abu biyu ƙanana da ke ba da wahala. Na farko soket: cajarmu mai ƙafa biyu zagayayyu ce irin ta Faransa, bangonku kuwa mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Ku aje adafta kamar goma a teburin rijista. Na biyu kuɗi: sefa ake zuwa da ita, sai an je Wapa a Fagge a canza. Ku haɗa su da mutum guda wanda ya san wurin ya raka su sau ɗaya, kada kowa ya tafi shi kaɗai. Ku tuna wa mutanen Ghana kuma agogonsu yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Mu da ku lokacinmu ɗaya ne.

Malama Hauwa:
Na gode ƙwarai. Malam Issoufou, to kuɗin rijistarsu fa? Ta Remita, manhajar biyan kuɗin gwamnati, aka ce kowa ya biya, su kuwa ba su da asusun naira.

Alhaji Garba:
Wannan mai sauƙi ne in an shirya. Tunda kuɗin asusun jami'a zai shiga, ƙa'idar asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya ta hau kansa, shi ya sa aka ce Remita. Kada ki yarda ko sisi ya bi ta asusunki, ko da da niyyar taimako ne, ranar bincike ke za a riƙe. A teburin rijista ki zaunar da mutum ɗaya da kwamfuta da na'urar buga takarda. Baƙon waje in ya canza kuɗinsa, a ciro masa RRR, wato lambar biya ta Remita, mai lamba 12, da sunansa, a biya a banki ko ta waya, a buga masa rasit nan take. 'Yan gida kuma su turo rasit tun kafin su taso, ki jera sunayensu bisa haruffa. Ki raba teburin biyu, na waɗanda suka biya da na waɗanda ba su biya ba, in ba haka ba mutum biyar za su tsayar da layin mutum ɗari.

Takardar shaidar halarta a buga ta tun dare na biyu, daga sunayen da mahalarta suka duba suka sa hannu a kai da kansu. Da ita da rasit da tikitin jirgi ne malami zai wanke kuɗin da aka ba shi in ya koma. In kika ce “za a aiko daga baya”, wata shida za ki yi kina amsa waya.

Malam Sabi'u:
Maganar tarba. Janairu lokacin hazo ne, jirgi kan yi jinkiri, wani lokaci ma a fasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano in ƙura ta yi kauri. Saboda haka mai gabatar da babbar maƙala ya iso ranar Talata, ba safiyar Laraba ba. Direban da zai tarbe shi ya riƙe allo mai sunan taro, a tura wa baƙon sunan direba da lambar mota tun kafin ya tashi. Masu zuwa ta mota daga wajen Zariya a Na'ibawa ko Unguwa Uku za su sauka, ba za ki iya tarbar kowa ba. Ki ba su layin waya biyu na kamfani daban-daban, a hannun mutum biyu masu ɗauka.

Motar safe: Kosta ɗaya na ɗaukar kimanin mutum 30. In baƙinki na otal sun kai 60, ko mota biyu ko sawu biyu. Ta tashi bakwai da rabi, saboda cunkoson Kabuga da safe, kuma ta tashi a kan lokacin ko da mutum uku ne a ciki. Ranar farko in ta jira, ranar biyu babu wanda zai fito da wuri.

Injiniya Musbahu:
Ni zauren zan yi magana a kai. Maƙala 60, kowace minti 15 da minti 5 na tambaya, minti 20 ke nan. Zama na awa biyu na ɗaukar shida, kuna buƙatar zama goma. Bikin buɗewa zai cinye safiyar Laraba, Juma'a kuma daga sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi ba a sa komai. To da ɗaki uku a lokaci guda: zama ɗaya yammacin Laraba, biyu ranar Alhamis, ɗaya safiyar Juma'a, ya ba ku gurbi goma sha biyu, da rarar biyu. A gaya wa masu gabatarwa minti 15 bai wuce kalma 1,800 zuwa 2,000 ba in ana karantawa a natse. Mai shafi ashirin ya taƙaita tun daga gida.

Kowane ɗaki kwamfuta ɗaya za a jona wa majigi, a zuba duk fayilolin a cikinta tun safe. Cire wannan a jona waccan shi ke cin minti biyar-biyar. A tanadi wayar HDMI da abin juya ta zuwa VGA don tsofaffin majigai. Kuma tunda taron Hausa ne, ga inda aka fi jin kunya: wanda ya yi rubutu da tsofaffin haruffa irin su Rabi'at, in aka buɗe fayil ɗinsa a kwamfutar da ba ta da su, duk ƙ da ɗ da ɓ sai su rikiɗe su koma baka da alamomi a kan allo. Maganinsa kowa ya zo da kwafin PDF a filas, a gwada shi kafin zama.

Wuta kuwa, ki zauna da mai kula da janareto tun yanzu. Mai ƙarfin kVA 100 kan sha kamar lita 15 zuwa 20 na dizal a awa in an ɗora masa kaya sosai. Ki lissafa awa tara a yini kamar ba za a kawo wuta ba sam. Makirufo mara waya kuma a saya masa sabbin batura, biyu-biyu ga kowane zama.

Maman Walida:
Abinci, ƙanwata, a ba da shi a ƙunshe da tikiti, kowane yini da launin tikitinsa. Ki ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan adadin masu rijista saboda direbobi, 'yan jarida da ɗaliban da ke taya aiki. Ruwa kwalba uku ga mutum a yini, na mutum 120 ɗin 360 ke nan, ƙunshi 30 na mai goma sha biyu.

Hajiya Rabi:
Tikiti na yarda da shi, amma ƙunshi ga kowa ban yarda ba. Shinkafar da aka rufe a roba tun ƙarfe goma, zuwa ɗaya da rabi ta huce ta yi gumi, in da kabeji da mayonis a ciki ma tana iya ɓata ciki. Ga dattawa masu ciwon suga da hawan jini, ga mai gyambon ciki da ba ya cin yaji. A yi ƙunshi ga mafi yawa, amma a zuba daga sha biyu, ganye a robarsa daban. Sannan a aje tebur ɗaya mai kuloli: tuwon alkama, miyar kuka ko taushe mai ƙarancin gishiri, wake da ganye, yaji a gefe. Amsoshin fom ɗin nan su za su gaya miki na mutum nawa za a dafa. Shayin safe kuma kada a zuba sukari a tukunya.

Hutun rana ki ba shi awa ɗaya da kwata domin ya ɗauki salla da ci. Ki duba banɗakunan mata da na maza da kanki kowace safiya, a cika durom, a aje butoci aƙalla goma da sabulu, a shimfiɗa wa mata tabarmi a wani ɗaki kusa. Ki sanar da asibitin jami'a ranakun taro a rubuce, ki roƙi ma'aikaciyar jinya ɗaya ta zauna da abin awon jini da na suga. Masu asma a rubuta musu a takardar jagora su zo da abin shaƙarsu da takunkumi, kowa kuma da rigar sanyi.

Malama Hauwa:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Gobe zan kai wa shugaban kwamiti jerin wasiƙun ya sa hannu, fom ɗin kuma zai fita kafin Juma'a. Hajiya, ranar Asabar zan zaga otal-otal ɗin, in kina da sarari ina roƙon ki raka ni.

Hajiya Rabi:
Zan raka ki in sha Allahu. Amma Asabar ɗin nan ita ce ta ƙarshen wata, akwai tsaftar muhalli, ba a fita sai ƙarfe goma. Ki biyo mini da goma da rabi, ki taho da littafi da biro da cajar wayarki, da ita za mu gwada soket ɗin kowane ɗaki.