Bincike a Mile 12: da na fito da biro sai hira ta mutu

Ɗalibin Akoka:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a Jami'ar Legas, bincikena kan yadda bashi ke gudana tsakanin dillalan tumatir da masu sari a kasuwar Mile 12 ta Legas. Na raba takardun tambayoyi, kowa amsarsa ɗaya: "amana ce kawai." Malamina ya ce in je in zauna a rumfa, in kama musu aiki, in gani da idona. To amma da na fito da biro sai kowa ya ja bakinsa. Ko in ɓoye cewa bincike nake yi?

Malama daga Agege:
Wa alaikumus salam. Kul, ƙanena, kada ka ɓoye. Ranar da asiri ya tonu ka rasa rumfar, ka kuma toshe wa na bayanka hanya. Fara da shugabannin kasuwa, su za su gabatar da kai.

Malaminka ya yi gaskiya. Abner Cohen, wani masanin zamantakewar al'umma, ya zauna cikin Hausawan unguwar Sabo a Ibadan daga 1962 zuwa 1963, littafinsa ya fito a 1969. A can ya ga mahauta Yarabawa suna karɓar shanu bashi, maigida, wato mai masaukin fataken shanu, shi ke tsaya wa bafatake, in mahauci ya cinye kuɗin maigidan ne zai biya. Shi ya sa yake sa ido kan halin kowane mahauci. Wa zai rubuta maka wannan a takarda?

Bar biro a aljihu. Kalma biyu a waya ta isa, da dare ka rubuta komai kafin barci. Abin da ka gani daban, fassararka daban, sunaye kuma ka canza su.

Baban Rumfa:
Ɗana, ka zo tun asuba lokacin da motoci ke sauke kaya daga Arewa. Za ka ga mace ta ɗebi kwando goma, ta miƙa rabin kuɗi, dillali ko ƙirgawa bai yi ba ya gyaɗa wa yaronsa kai. Wata ta zo da magiya, ya ce kaya sun ƙare, ga kwanduna jibge a bayansa. Kada ka tambayi dalili nan take. Ka jira ranar da mota ta kwana a hanya, tumatir ya ruɓe, ka ga wanda zai ɗauki asarar.

Kuma don Allah in ka gama, ka dawo ka karanta mana abin da ka rubuta.

Ɗalibin Akoka:
Na gode, Baba, insha Allahu zan dawo. Malama, Yarabancina bai yi ƙarfi ba, ga shi rabin cinikin da shi ake yi. In ɗauki tafinta, ko yaron rumfa ya isa?