Yaya zan bambanta Tribolium castaneum da Tribolium confusum, irin ƙwarin nan biyu masu cin garin hatsi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina fama da waɗannan ƙananan jajayen ƙwari, tsayinsu bai wuce milimita 4 ba. Na san bambancin yana ƙahonsu: na castaneum gaɓoɓi 3 na ƙarshe ke kumbura farat ɗaya kamar kan kulki, na confusum kuwa sannu a hankali yake yin kauri. Amma nawa sun bushe, ƙahonnin duk sun kakkarye, madubina kuma sau 10 kawai yake ƙara girma. Na juya su rigingine don in duba tazarar idanu, tunda ta confusum ta fi faɗi, na kasa gani sosai. Akwai wata alama a ka ko ƙirji da ta fi fitowa? Don Allah a taimaka min.