Filastar siminti ta ƙi zama a bangon kwalaben roba

Assalamu alaikum. Magina da masu sanin wannan aiki, a taimaka min.

Ina gina ɗaki ɗaya da robobin ruwa, irin ginin da aka yi a Yelwa ta jihar Kaduna a 2011. Na danƙare kowace roba da busasshen yashi, na jera su a kwance kan fandisho na kankare, jar ƙasa a tsakani, wuyansu kuma ɗaure da igiyar leda. Bangon ya kai linta, bai karkace ba.

Filasta ce ta gagare ni. Ta waje, inda gindin robobin yake, da ta bushe sai ta tsage zagaye-zagaye, daidai girman kowane gindi. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji holoƙo, ka sa farce ta ɓamɓare. Ɓangaren yamma da rana ke duka ya fi lalacewa. Ta ciki kuwa lafiya lau.

Da awo ɗaya na siminti, shida na yashi na fara. Na koma ɗaya da huɗu, tsagar ta ƙaru. Na riƙa jiƙawa safe da yamma saboda iskar hunturu, babu canji. Birkilana ya ce a kafa ragar waya, to ƙusa ba ta kama laka, robar kuma ba na son hudawa.

Wane kwaɓi ne zai manne wa roba da laka lokaci guda, ya kuma jure ruwan damina, ko da yaɓen ƙasa da makuba ne?