Wanda hasashensa ya taɓa rushewa a labarin Magic ya zo ya ba mu labari

Ɗan Gangare

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya ina kwashe tarkace a ƙarƙashin gado na ci karo da wani tsohon littafin rubutuna na 2019. Shafi shida cur na cika da hujjoji wai Wanderer ta labarin wasan katin Magic ba kowa ba ce illa jarumar nan Elspeth. Na zauna bakin gado ina karantawa ina jin kunyar kaina.

Ga waɗanda suka shigo wasan daga baya: a jerin katunan War of the Spark na 2019 an zuba katin matafiya duniyoyi, wato masu iya tsallakawa daga wata duniya zuwa wata, har 36, duk an tara su a duniyar Ravnica ana gwabzawa da mugun dodon nan Nicol Bolas. Cikinsu akwai wata mai farin gashi da takobi, ta kifa malfa mai faɗi ta rufe fuska, ita ce Wanderer. Kowane matafiyi za ka ga sunansa a layin tsakiyar kati, Jace ne ko Liliana ko Chandra, amma ita an bar wurin fayau. Sai na ce ai magana ta ƙare. Farin kati ne, mai takobi ce, kuma tun da Heliod, allan rana na duniyar Theros, ya kashe Elspeth a 2014 ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Wa zai ɓoye fuska in ba wadda ta gudo daga duniyar matattu ba? Ɗan ƙanen babana ya ce ai gashin Elspeth ba fari ba ne, na ce masa wahalar can ce ta sa ta furfura.

A Janairun 2020 Theros Beyond Death ya fito, ga Elspeth nan da fuskarta a buɗe tana neman hanyar fita. Kuna tsammanin na saduda? Cewa na yi ai daga gaba ta dawo baya. Sai 2022 labari ya zo duniyar Kamigawa aka ce Wanderer sarauniyar ƙasar ce, ba ta haɗa ko kakan kaka da Elspeth ba. A sanyin nan na Jos mai sa mutum ya ƙi wanka na taka har bakin titi na sayo wa yaron nan tsiren da na yi alkawari.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Kowa ya fito da nasa.

Na Bukuru

Wa alaikumus salam. Malam, kai naka ai mai sauƙi ne, aƙalla mutum ka canka. Ni cewa na yi Emrakul ce, ƙatuwar dodanniyar nan mai lalata duniyoyi.

Kuma kafin ku yi dariya ku saurara. A Eldritch Moon na 2016 ba wanda ya fi ƙarfin Emrakul. Ita ta shiga jikin wata matafiya, Tamiyo, ta yi amfani da hannunta ta kulle kanta cikin watan da ke sararin duniyar Innistrad, bayan ta fito wa Jace a siffar mala'ika ta nuna masa cewa lokacinta ne bai yi ba. Wanda ya kulle kansa a ɗaki ai makulli na hannunsa. Ga shi ta riga ta nuna tana iya aron siffa. Bayan shekara uku sai ga wata marar suna, marar fuska, wadda ba ta iya zama duniya ɗaya sai ta ɓace. Na haɗa wannan da wancan na ce ita ce ta fito leƙen ko lokaci ya yi.

Na yi wata guda ina yi wa abokan aikina wannan bayani a shago, mutanen da ko katin ba su taɓa riƙewa ba. Har maigidana ya fara tambayata da safe, "Yaya mutuniyar taka ta cikin wata, ta sauko?" Ranar da gaskiya ta fito ban faɗa masa ba. Har yau bai sani ba.

'Yar Rayfield

Ni dai Allah ya sa ban cika shafi shida ba. Ran da yayana ya fara nuna mini katin a kwamfutarsa, kallo ɗaya na yi na ce wannan 'yar Kamigawa ce. Ku dubi malfar, ku dubi yadda ta riƙe takobin. Duniya ɗaya ce a wasan nan aka gina kan al'adun Japan, tun 2004. Shi da abokansa suka kwashe da dariya, wai ni zane kawai nake kallo ban san labari ba, wai kamfanin ba zai taɓa komawa Kamigawa ba tunda ba ta yi kasuwa ba a karon farko.

Ban ce sarauniya ce ba, ba zan yi ƙarya ba. Cewa na yi wata jarumar da aka kora ce. Amma garin dai na canka daidai, su kuma da suka haddace tarihin Urza, tsohon jarumin labarin, tun daga kakanninsa suka tafi neman amsa a cikin wata. Yaya, in kana karantawa, ina jiran ban-haƙurina.

Ɗan Gangare

Ƙanwata, na sara miki. Amma ki bar ni in yi ƙorafina. Abin da ya ƙona mini rai ba faɗuwar ba ce. An ba mu kacici-kacici shekara uku, sannan amsar ta zama mutumin da ba mu taɓa sani ba. Wani mugu, Tezzeret, ya kai hari fadarta da wata na'ura, tartsatsinta, wato baiwar tsallaka duniyoyi, ya kunnu a karkace, abokinta na ƙuruciya Kaito ya yi shekaru yana nemanta. Labari ne mai daɗi, ban musa ba. Sai dai babu yadda za a yi mai karatu ya gano shi a 2019, don Kaito ɗin ma ba a haife shi a takarda ba tukuna. Kamar a ce maka "canki wa ke bayan ƙofa" ka lissafa duk dangi, a buɗe ka ga baƙo. Kuma da aka cire malfar ma ba a faɗi sunanta ba.

Baban Yara, Anguwan Rogo

Yarana, ku da kuka jira shekara uku kuna kuka. Ni na jira fiye da ashirin.

Katunana na farko wana ne ya zo da su daga Ingila lokacin da yake karatu, cikin kwalin takalmi, yawancinsu na Mirage ne na 1996. Ba mu ma san dokar wasan sosai ba. Abin da ya kama ni shi ne zanen: baƙaƙen mutane bisa dawakai da māsu, wasu da rawani, ƙasa mai kama da tamu. Na karanta wani kati na ga an rubuta Askari, na ce wa wana ai wannan kalmarmu ce, askarawa. Ga wata ƙasa Suq'Ata, kana jin suƙ ka san kasuwa ake nufi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗauka karta ce, sai da muka rantse masa ba kuɗi a ciki kafin ya bar kwalin ya kwana a gidan.

Ƙasar mahayan nan ita ce Zhalfir, a nahiyar Jamuraa ta duniyar Dominaria. Da Phyrexia, rundunar dodannin ƙarfe masu mayar da mutane irinsu, ta kawo mamaya a labarin Invasion na 2000, Teferi, ɗan ƙasar, ya ɗauke ta ɗungurungum ya fitar da ita daga cikin lokaci don ya tsare ta. Niyyarsa in ƙura ta lafa ya maido ta. A Time Spiral na 2006 ya ba da tartsatsinsa ya maido Shiv, wata ƙasar da ita ma ya ɓoye, amma tasa ƙasar ta kuɓuce masa. Ku yi tunanin mutumin da ya ɓoye garinsu don kada a ƙone shi, sannan ya rasa hanyar da zai fito da shi.

Hasashena kullum ɗaya ne: duk ranar da labari ya koma Dominaria, Zhalfir za ta dawo mazauninta. A 2018 aka koma, Teferi ya samu tartsatsi, na ce wa 'ya'yana ku shirya. Shiru. A 2022 aka sake komawa, na sake cewa ku shirya. Shiru. Har babbar 'yata ta fara cewa "Baba, garin naku dai sai a lahira."

Sai a azumin 2023, bayan an sauko daga asham, na kwanta da waya ina karanta ƙarshen March of the Machine. Ga Zhalfir ta fito da rundunarta. Wallahi sai da na tashi zaune. Amma ba inda na ce ba. Wata matafiya, Wrenn, ta yi amfani da bishiyar da Phyrexia ke kai mamaya da ita ta musanya Zhalfir da New Phyrexia, duniyar da a da ake kira Mirrodin: aka jefa Phyrexia inda Zhalfir take a kulle, ita kuma Zhalfir ta zama duniya mai zaman kanta a gurbin Mirrodin, ƙarƙashin ranaku biyar, tare da ragowar mutanen can da suka tsira. Wato ta dawo, amma gida bai koma gida ba. Gurbinta a Jamuraa yana nan a wofi.

To ku faɗa mini, na ci ko na faɗi? 'Yata ta ce na faɗi. Ni na ce rabi da rabi. Mu da muka ga unguwanni sun tashi a garin nan, mutum ya koma wani gefen ya sake gini da sababbin maƙwabta, mun san cewa tsira daban, komawa daban. Na daɗe a daren nan ban yi barci ba, har aka fara tashin sahur.

Na Bukuru

Baba, ka ci. Duk wanda ya ce ka faɗi a turo shi wurina.

Ɗalibin Naraguta

Allah ya ƙara girma Baba. Nawa gajere ne. Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas muna gida, ba abin da na sa a gaba sai Raven Man, mutumin hankakin nan da ke bin Liliana tun Magic Origins na 2015. Na kafe cewa Bolas ne ya ɓad da kama, tunda shi ya ƙulla mata yarjejeniya da aljanun nan huɗu. Wani abokina ya ce Lim-Dûl ne, matsafin Ice Age na 1995. Na ce masa wa zai tono mutumin da aka manta da shi tun kafin a haife mu? Da Dominaria United ya fito a Satumba, Lim-Dûl ɗin ne. Abin haushin, a baya na gano ba shi ya hango ba, a intanet ya tsinta, tsofaffin 'yan wasa sun daɗe suna faɗa. Amma ya karɓi indomi da ƙwai biyu a wurina ba ko kunya.

Mutumin Hwolshe

Gaisuwa gare ku duka. Ni matsalata ba daga labari ta zo ba, daga gida ta zo.

Farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ina layin cire kuɗi tun asuba ina karanta Phyrexia: All Will Be One a waya. A nan na ga Vraska, masoyiyar Jace, da kanta ta sa masa gubar Phyrexia, ya zama nasu. Mutanen layi suna faɗa kan lamba, ni ina cewa "ƙarya ne" da ƙarfi, wata mama ta ɗauka da ita nake. Na dawo gida na ce Jace mai wasa da hankalin mutane ne, tabbas ya raba hankalinsa biyu ya ɓoye rabi. Don in tabbatar, na fara kwafar rubutun Phyrexia daga katunan da aka buga da shi, wannan mai tafiya a kan dogon layi kamar ƙaya, ko zan samu wata alama. Na cika bangon littafi da shi, ga zanen shugabarsu Elesh Norn a gefe da wannan farin abin da ya rufe mata ido.

Mamata ta gani tana shara. Ba ta ce mini komai ba. Ranar Lahadi bayan sujada sai na ga ta ja ni wurin wani dattijon ikilisiya, littafin na cikin jakarta. Na yi kusan awa ina bayanin cewa wasan kati ne da wani malamin lissafi, Richard Garfield, ya ƙirƙira a Amurka aka fitar a 1993, kuma yaren ƙirƙirarre ne. Dattijon ya saurara tsaf, ya juya littafin sama da ƙasa, ya ce to shi Jace ɗin ya tuba ko bai tuba ba? Na ce ba a sani ba tukuna. Ya ce in an sani in zo in faɗa masa.

A 2024 Outlaws of Thunder Junction ya nuna Jace na nan da hankalinsa, ashe shi ne ya yi shigar wani matafiyi, Ashiok, tun farkon labarin, shi da Vraska suka yi awon gaba da wata 'yar halitta mai suna Loot daga cikin taskar da ake ta faɗa a kanta. Wannan ɓangaren ban hango shi ba ko a mafarki. Amma cewa bai tafi gaba ɗaya ba, na faɗa. Littafin dai ba a maido mini ba.

'Yar Rayfield

Ka koma ka faɗa wa dattijon?

Mutumin Hwolshe

Na koma. Na ce masa ya warke amma yanzu sata yake yi. Ya ce to da sauran aiki.

Baban Yara, Anguwan Rogo

Na ga ana ta maganar tsire da indomi. Ku dai ku kiyaye, in kowa ya ajiye nasa wanda ya canka ya kwashe, sunansa caca, kuma abin da mahaifinmu ya ji tsoro ke nan. Wanda ya faɗi ya ciyar da jama'a don Allah, wannan ba laifi.

Ɗan Gangare

An ji Baba. To ranar Asabar bayan la'asar, wurin mai shayin da muka saba kusa da Terminus. Duk wanda ya faɗi a sama shi zai saya, wato kusan kowa ban da ƙanwarmu. Zan zo da littafin a karanta shafi shidan a bainar jama'a, in huta. Baba, don Allah a taho da kwalin takalmin, akwai waɗanda ba su taɓa ganin katin Mirage ido da ido ba.

Na Bukuru

Zan zo, amma rabin kuɗi zan biya. An ce Wanderer ba ita ba ce, na yarda. Ba a ce ta daina jira a cikin watan ba.