Igiyar rediyo tana dawowa daga gefen akwatin lissafi: wa ya taɓa gani?

Daga Aboabo: Assalamu alaikum. Ina kwaikwayon eriyar gigahaz 2.4 a kwamfuta da tsarin FDTD, wato a raba fili gurbi gurbi ana lissafa tafiyar igiyar mataki mataki, na kewaye akwatin lissafin da iyakar Mur don ta shanye igiyar da ta isa gefe. Igiyar na fita lafiya lau, amma da ta isa kusurwa sai wani ɓangarenta ya juyo, kamar ruwan baho in ya bugi gefe. Kwana uku ke nan. A taimaka.

Daga Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na sha wannan. Iyakar Mur ta 1981 tana shanye igiyar da ta zo mata gaba da gaba, amma wadda ta zo a karkace sai ta maido maka da rabonka. Koma PML, shimfiɗar shanye igiya da ake sa wa a gefen akwatin, wadda Berenger ya fitar a 1994. Ni da na koma, gurbi 10 na ba ta, sai dai na zuba ƙarfin shanyewar gaba ɗaya tun daga gurbin farko. Amsa-kuwwar ta ƙi tafiya, daga bakin shimfiɗar ma take tasowa! Sai da na sa ƙarfin ya fara daga sifili yana hawa sannu sannu har gurbin ƙarshe, sannan allon ya yi tsit. Gurabe ne a jere kamar na dara, kwamfuta ba ta son tsalle tsakaninsu.

Daga Tafo: Gaskiya ne, Yaya. Ni don in rage cin ƙwaƙwalwar kwamfuta na matso da PML dab da eriya. Filin da ke manne jikin eriya ba tafiya yake yi ba, PML ta asali kuwa ba ta iya da shi. Na ja ta baya, na kuma koma CPML, wato ingantacciyar PML ta Roden da Gedney, ta 2000.

Daga Nima: Nawa da gprMax ne, manhajar kwaikwayon radar mai duba cikin ƙasa, neman bututu a cikin jar ƙasa. Na tsayar da ƙasar kafin ta shiga PML, sai gefenta ya fito a hoton kamar wani bututun. Dole ƙasa ta ratsa har cikin shimfiɗar.

Daga Aboabo: Allah ya saka da alheri. Na sa PML gurbi 10, na ja su rabin tsawon igiya, wajen santimita 6, daga eriyar. An ɗauke wuta a tsakiya, na sake daga farko bayan isha'i. Igiyar ta shiga kusurwa ba ta dawo ba. Yaya na Asawase, in na ƙara yawan gurabe, sai na sake lissafin ƙarfin ko?