Akalar Waya a Hannun Wa? Musayar Waƙa

Mai Shayin Bakin Tasha:
Salamu alaikum 'yan uwa. Amsa-amon yau "ya" ne, duk wanda ya karya shi zai sayi shayi mai kauri.

Na kalli dambe sau ɗaya jiya,
Yau 'yan dambe sun cika min waya.
Ban faɗa mata ba, ban yi tambaya,
Wa ya kai mata gulmar zuciya?
Yarona mai wanke kofi da tukunya
Ya ƙona min madara yana dariya,
Yatsa na jan allo babu gajiya,
Ana kiran shayi, yana wata duniya.

Malamin Kwamfuta:
Mai Shayi, babu rauhani a waya,
Algoridim ne, lissafi mai ƙidaya.
Yana ƙirga daƙiƙar da ka tsaya,
Da hoton da ka wuce ka komo baya.
Ba ruwansa da ƙarya ko gaskiya,
Abin da ya riƙe ka shi ne moriya.
Idonka ne haja, mai talla ke saya,
Shi ya sa zagi ke gaba, nasiha na baya.
Injin tace saƙo kuwa, Turanci ya iya,
Habaicin Bahaushe na wuce shi lafiya.

Gwaggon Yara:
'Ya'yana, ku saurari tsohuwa.

An turo min muryar malami a waya,
Yana tallan maganin ciwon baya.
Na aika dubu biyar, ina jiran kaya,
Ashe na'ura ce ta ari murya.
Wai ƙirƙirarriyar basira, in ji jikanya,
Basira ce wannan ko rashin kunya?
A toshe shafukan sada zumunta duka mu kwana lafiya!

Mai Turaren Wuta:
Gwaggo, Allah ya huci zuciya,
Amma toshewa mun gan ta a Najeriya.
Yunin 2021 aka datse wa Twitter hanya,
Bayan ta goge saƙon Buhari guda ɗaya.
Har Janairun 2022 ana ta jayayya,
Masu VPN, manhajar tsallake shinge, suka zagaya ta baya,
Masu ƙaramin jari suka rungumi kaya.
Ni daga ɗaki nake haɗa humra, Hajiya,
Daga Jos har Maraɗi ake aikowa a saya.
Kwalba goma na ɗaure da safiya,
Direba zai wuce da su Zariya.
In an toshe, wa zai sa min gishiri a miya?

Ɗan Kwari:
Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya,
Nuwamban 2022 a Kano, ku duba baya:
'Yan TikTok biyu sun yi wa gwamna dariya,
Kotu ta ce bulala ashirin kowane ɗaya,
Da tarar dubu goma, da riƙon tsintsiya.
An bar jaki, taiki ke shan wuya,
Masu injin na Sin da Kaliforniya,
Dorina ba ta kai can, suna ƙirga dukiya.

Ɗalibar Lauya:
Yaya Ɗan Kwari, jakin ma ya sha sanda ɗaya.
Yulin 2024, hukumar FCCPC mai kare masu saya
Ta ce wa Meta mai Facebook dala miliyan 220 ta biya,
Kan sarrafa bayanan jama'a babu kariya.
Ta ɗaukaka ƙara, lauya kan lauya,
Afrilun 2025 kotu ta tabbatar sai ta biya.
Dokar kare bayanai ta 2023 na nan a ajiya,
Sai dai an rubuta ta da Turancin lauya,
Gwaggo ba ta san ƙofar da za ta buga ba.

Mai Shayin Bakin Tasha:
A'a, tsaya ƙanwata! "Buga ba" kika ce? Kin karya. Shayi shida, biyu da biredi. Na Gwaggo kada a sa sukari.

Ɗalibar Lauya:
Na amsa laifi, Baba, zan biya,
Amma ina neman a yi min sassauci, rabin kofi ɗaya-ɗaya.

Gwaggon Yara:
Ku bar ni da lissafin dala, ban iya,
Ni dai har yau ina fama da baya.
Ke 'yar nan, tunda kin kusa zama lauya,
Dubu biyar ɗina, wa zai biya?