Addini da amanar ƴan kasuwa: wa zan fara karantawa?

Sa'adatu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina shirin kundin mastar a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kan addini da amana tsakanin ƴan kasuwa. An ce in fara da Ara Norenzayan, wai an ambaci ayyukansa sau dubbai a Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambaton ayyukan masana. Wa ya san shi?

Isufu: Wa alaikumus salam. Masanin halayyar ɗan Adam ne a jami'ar British Columbia ta Kanada. Nemi littafinsa Big Gods na 2013. Ga maganar a dunƙule: a ƙauye kowa ya san kowa, kunya kaɗai ta isa ta hana cuta. Da birane suka bunƙasa, aka koma ciniki da baƙon ido, imani da Ubangiji mai gani kuma mai hukunci ne ya taimaka aka riƙe amana.

Malam Laminu: Ƴata, ki dai yi hattara. Mutanen nan da ra'ayin juyin halitta suke kallon addini.

Isufu: Allah ya ƙara wa Malam girma, haka ne. Sai dai awonsu bai kai ga gaskiyar addini ba, abin da yake sa mutum aikatawa suke aunawa. A 2007 shi da Azim Shariff sun sa mutane shirya jimloli, wasu aka cusa musu kalmomi irin "annabi" da "ruhu". Daga nan aka miƙa wa kowa dala goma, ya ba wanda bai sani ba iya abin da ya ga dama. Waɗanda suka ga kalmomin addini sun ba da fiye da ninki biyu.

Hajiya Rabi: Ƙanwata, kar yawan ambato ya ruɗe ki. Wanda ya kawo sunan mutum don ya ƙaryata shi ma, kwamfuta ƙirgawa take. A 2012 Norenzayan da Will Gervais sun buga a mujallar Science cewa zurfafa nazari yana rage imani, labarin ya zaga duniya. Da aka maimaita gwajin da mutane masu yawa a 2017, sakamakon bai fito ba. Masu sukarsa ma ba su tsira ba: a 2019 wasu sun buga a mujallar Nature cewa manyan dauloli sun riga imani da Ubangiji mai hukunci bayyana, a 2021 aka janye maƙalar, don inda ba a samu bayani ba sun lasafta shi a matsayin babu. Wadda nake so ki karanta ita ce ta 2010 da Norenzayan ya rubuta da Henrich da Heine, inda suka nuna akasarin waɗanda ake gwaji a kansu ƴan ƙasashen Turawa ne, galibi ma ɗaliban jami'a. Ina ɗalibin Kanada ya haɗu da dillalin Kasuwar Maradi?

Habu: Hajiya ta gama magana. Ni dai ki dawo gida. Emmanuel Grégoire ya rubuta Les Alhazai de Maradi a 1986, kan yadda ubangida ke damƙa wa baransa dukiya ya tafi fatauci. Sai Abner Cohen, 1969, kan Hausawan Sabo a Badun: maigida ya sayar wa mahauci shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, ga kuma yadda Tijjaniyya ta ɗaure unguwar wuri guda. A can za ki ga tsoron Allah ba shi kaɗai ke aiki ba, har da tsoron zubewar mutunci a idon jama'a.

Isufu: Akwai kuma na Erik Duhaime a 2015 a kasuwar Marrakesh ta Maroko: masu shago sun fi zaɓar sadaka lokacin da ake jin kiran salla, amma tasirin bai daɗe ba.

Malam Laminu: Wannan kam na yarda. Shi ya sa ake kiran sau biyar.

Sa'adatu: Na gode ƙwarai. Matsalata Turancin Ingilishi. Akwai na Faransanci?

Hajiya Rabi: Pascal Boyer, Et l'homme créa les dieux, 2001. A cikin ƙabilar Fang ta Kamaru ya yi bincike. Grégoire ma Faransanci ne, fara da shi kafin ki shiga kasuwa da tambayoyinki.